Takun Kiɗa a Fage da Takun Kiɗa a Faifai



1. Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, amma yana da nauyi ga duk mai nazarin waƙar baka, da kuma duk wanda aka ɗora wa amanar adana ta. Wanda ya taɓa jin wata waƙa a bakin mai ita a tsakiyar taro, sa'an nan ya sake jin ta a faifai ko a rediyo, ya san ba tafiya ɗaya suke yi ba. Wani lokaci ta fage ta fi gudu, wani lokaci ta fi jan jiki, sau da yawa kuma takan fara da wani hali ta ƙare da wani. To, wacce ce waƙar a cikin biyun? Tambayar tana da muhimmanci domin ɗalibanmu daga kaset suke rubuta kundayensu, ma'aikatanmu na gidajen rediyo da hukumomin al'adu kuwa su ne masu zaɓen abin da za a ajiye wa na baya. In aka ɗauki abin da ke faifai a matsayin asalin waƙa, alhali kuwa fuska ɗaya ce kawai daga fuskokinta, an ƙwari makaɗi, an kuma ruɗi jikoki.

2. Ma'anar taku

Zan aro kalmar taku daga mahaya dawaki. Doki yana da tafiyar taƙama, yana da sassarfa, yana da sukuwa, ƙafafun nan huɗu ne dai ba su ƙaru ba, tazarar da ke tsakanin saukarsu ita ce ke sauyawa. Haka kiɗa yake. Takun kiɗa shi ne yawan bugun da mai sauraro ke bi da ƙafarsa ko da tafinsa a cikin minti ɗaya. Zuciyar baligi mai lafiya in yana hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 da sau 100 a minti, sojoji kuma a fareti suna taka ƙasa kimanin sau 120. Turawa sun daɗe da na'urar auna wannan, watau metronom, wadda Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, har Beethoven ya shiga sa alkalumanta a kan kiɗe-kiɗensa tun 1817.

Wajibi ne mu raba taku da abubuwa biyu da kunne ke rikita su da shi. Na farko ƙarfin sauti: in makaɗa suka ƙara wa ganga dūka sai mai sauraro ya zaci sun ƙara gudu. Na biyu yawan ado: ƙwararren makaɗin kalangu yana iya cusa ƙananan bugu huɗu a gurbin da dā yake sa biyu, kiɗa ya cika kunne, amma ƙafar mai rawa tana nan a inda take. Saboda haka mai nazari ba zai dogara da yadda ya ji a ransa ba, sai ya ƙirga da agogo a hannu.

3. Abin da aka lura da shi a kiɗan rok

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana tattauna wannan batu game da makaɗan rok, kuma abin da aka fi faɗa shi ne sun fi sauri a gaban jama'a. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ƙungiyar Ramones ta birnin New York. Faifansu na farko, na 1976, yana ɗauke da waƙoƙi 14 a cikin minti 29. A daren 31 ga Disamba 1977 aka ɗauki wasansu a gidan Rainbow da ke Landan, aka sami waƙoƙi 28 a ƙasa da sa'a ɗaya. Waɗannan alkaluma su kaɗai ba hujja ba ne, tun da ba jerin waƙoƙi ɗaya ba ne, amma duk wanda ya jera waƙa guda ta situdiyo da takwararta ta dandali zai ji bambancin, kuma gudun ya yi ta ƙaruwa har zuwa lokacin da suka daina wasa a 1996.

Dalili na farko a jiki yake. Mutumin da ke tsaye gaban dubban jama'a zuciyarsa na bugawa da sauri, abin da yake ji kamar daidai ne a lokacin, in an saurara daga baya sai a tarar ya zarce. Dalili na biyu shi ne ji. A ranar 15 ga Agusta 1965 ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea na New York gaban mutum fiye da 55,000, ihun jama'a ya rufe kiɗan, har mai gangunansu Ringo Starr ya sha faɗa cewa a irin waɗannan wurare motsin jikin abokansa yake kallo domin ya san inda aka kai. Wannan na cikin abin da ya sa suka bar yawon wasa a watan Agusta 1966, suka koma situdiyo ɗungum. Dalili na uku lissafi ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Wanda ke nesa da ganga da mita 34 zai ji ta bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, in kuwa ana bugu 120 a minti, wannan jinkiri ya kai kashi ɗaya cikin biyar na kowane bugu. Shi ya sa tafin 'yan kallo a babban fili yakan ja makaɗa baya, su kuma su ƙara gudu don kada a riƙe su. A situdiyo an toshe duk waɗannan ƙofofi: babu taro, kowa na jin kowa, a yawancin ɗaukar zamani kuma ana sa wa mai ganga ƙarar metronom a kunne, ya bi ta daga farko har ƙarshe.

Kafin mu baro wannan fanni ya kamata mu tuna da Fela Anikulapo Kuti a Legas, wanda ya kama zaren ta ɗaya bakin. Yakan yi ta buga sabuwar waƙa a gaban jama'a tana nuna, ranar da ya sa ta a faifai kuwa ya sallame ta ke nan, ba ya komawa kanta a dandali. A wurinsa faifai shi ne zangon ƙarshe na waƙa, rayuwarta a fage ta yi ta.

4. Wa ke riƙe da linzami a fagen Hausa?

In muka ɗauko hukuncin nan na cewa fage ya fi faifai sauri muka ɗora wa kiɗan Hausa kai tsaye, za mu yi kuskure, domin a ƙasar Hausa kiɗa kusan kullum yana da aikin da yake rakiya, aikin ne kuma ke yanka masa taku. Littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 game da kalmomin kiɗan Hausa ya jera kiɗe-kiɗenmu tare da muhallinsu na sarauta da sana'a da buki, kuma wannan tsari ya dace da abin da kowane Bahaushe ya sani.

Mu fara da abin da ke bakin ƙofarmu. Manoman Wurma da sauran garuruwan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma sun san kiɗan gayya. Mai gangar noma idonsa na kan garma. In ya wuce saurin da hannu zai iya ɗaga ta ya sauke, samari za su watse masa ko su ɓata kunya, in ya yi sanyi kuma aiki ya mutu. Da hantsi, jiki da ƙarfi, yakan tsananta. Rana ta take, sai ya sassauta. In sarkin noma da abokin karawarsa sun doshi ƙarshen kunya, sai ya zuga su da take da kirari, ganga ta yi sukuwa. Ƙasa mai tauri da ƙasar jigawa ma ba taku ɗaya suke karɓa ba. Haka luguden mata a turmi yake, nauyin taɓarya da yawan masu daka su ne ma'auninsa.

A fagen dambe taku hawa yake yi. Lokacin da makaɗi irin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ke kiran 'yan dambe da takensu ɗaya bayan ɗaya, akwai sarari, domin ana so kowa ya ji sunan da aka kira da garin da ya fito. Da an ja daga an shiga turmi, sai kiɗa ya matse, ana kashe wani kuwa sai ya yanke, ihu ya maye gurbinsa.

A fada abin ya juya. Makaɗan taushi da na kotso, irin su Sarkin Taushin Katsina da Musa Ɗanƙwairo, suna yi wa sarauta ne, sarauta kuwa ba ta gaggawa. Ranar hawan salla a Katsina tambari da kakaki da algaita suna bin tafiyar dokin sarki, ba su isa su riga shi ba. A nan taro, maimakon ya ingiza makaɗi, nauyi yake ƙara masa.

Sai kuma Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999. Nazarin digirin dakta da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kansa a Jami'ar Indiana a 1975 ya dube shi a matsayin mawaƙin da ke gina waƙa a lokacin da yake rera ta. Gindin waƙa yana nan a bakin 'yan amshi, amma ɗiyan da za a ɗora masa sun dogara ga wanda ya shigo, da wanda ya miƙa kyauta, da abin da sanƙira ya sanar. Wannan ne ya sa Bakandamiyarsa take da rerawa iri-iri, kowace da tsawonta. Mawaƙin da ke ƙirƙira nan take yana bukatar amshi ya ba shi numfashi da lokacin tunani, saboda haka shi ke jan linzamin makaɗa, ya saki in fage ya yi zafi, ya ja in babban baƙo ya iso.

Akwai kuma iyakar da harshen kansa ya gindaya. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere. Bambancin fari na launi da fara ta gona da fari na rashin ruwa yana rataye ne a kan irin waɗannan abubuwa, kuma in gudu ya yi yawa gaɓa mai nauyi da mai sauƙi sai su zama ɗaya. Mawaƙin rok ba ya asarar kome in jama'a ba su tsinci kalmominsa ba, tun da sun haddace su daga faifai. Maroƙin da ubangidansa bai ji sunan kakansa sarai ba kuwa ya yi aikin banza. Shi ma kalangu, da yake kwaikwayon hawa da saukar murya yake yi ta hanyar matsa tsarkiya a hammata, yana bukatar sarari kafin ya faɗi magana a gane. Saboda haka abin da ya fi raba fage da faifai a wurinmu shi ne, a fage taku yana numfashi, yana hawa yana sauka, waƙa kuma tana miƙewa gwargwadon taro.

5. Abin da na'ura ta yi wa waƙa

Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti yana ɗaukar kimanin minti uku ne a kowace fuska. Mawaƙin da ya saba kwana yana abu ɗaya, aka ce masa ga minti uku, hanya biyu gare shi, ko ya zubar da ɗiya ko ya ƙara gudu. Babban faifai da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 ya kai fuska ɗaya wajen minti ashirin, kaset ɗin da Philips ya ƙera a 1963 ya ba da rabin sa'a ko minti 45, amma iyaka dai tana nan. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya yi wa kiɗan Hausa hidimar da ba za a manta da ita ba, sai dai kowane shiri yana da lokacinsa, kuma akwai mai ɗaga hannu ya ce a tsaya.

Ban da ƙarancin lokaci, ɗakin ɗaukar murya ya cire wa makaɗi abin da yake kallo. Mai gangar noma a gaban makirfo ba garma a gabansa, mai kiɗan dambe ba turmi, sai ya zaɓi wani matsakaicin taku ya zauna a kai. Abin da muke ji a irin wannan ɗauka tsabtatacce ne, kalmomi sun fito, amma hoto ne na doki a tsaye.

Na'urar ma tana da nata ƙarin gishiri. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. In rikodar da aka yi ɗauka da ita batirinta ya yi sanyi, zaren ya tafi a hankali, to ranar da aka saurara a lafiyayyar rikoda sai waƙa ta fito da sauri, murya ta sirance. Kuskuren kashi 6 cikin 100 ya isa ya mai da bugu 100 ya koma 106, ya kuma ɗaga murya yadda kunne zai ji. Yawancin tsofaffin waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu an kwafe su daga kaset zuwa kaset sau da dama a kasuwa kafin su iso kwamfuta. Ɗalibin da ya rubuta cewa wane mai gaggawa ne, wane kuma mai siririyar murya ne, yana iya kasancewa batirin wani mai shago yake yi wa sharhi.

6. Zamanin fiyano

Daga ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, aka koma haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta. A wannan tsari taku lamba ce da mai haɗa kiɗa ke sa wa na'ura kafin mawaƙi ya buɗe baki, ba ta gaba ba ta baya. An sami waƙoƙi masu daɗi da ma'ana ta wannan hanya, an kuma sami sana'a ga dubban matasa, ba mai musun haka. Abin lura shi ne yadda al'amarin ya juye. Dā faifai ke bin fage yana ƙoƙarin kamo shi, yanzu a bukukuwa da tarurrukan siyasa da yawa faifai ake sakawa a lasifika, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bin sa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A irin wannan dandali rawa ba ta da ikon sauya kiɗa, ko wa ya shigo, ko me ya faru.

A yankinmu akwai wani dalili da ya fi wannan ciwo. A watan Agusta 2019 'yan bindiga suka auka wa garin Wurma da dare, suka tafi da mutane da dabbobi, kuma garuruwa da yawa a wannan shiyya sun ɗanɗana irin wannan masifa. Inda mutane ke tsoron taron dare da gona mai nisa, wasan dandali da gayya su ne farkon abin da ke ja da baya. Yaron da zai gaji gangar noma a gona yake koyon sassauci da tsanantawa, yana kallon hannun manoma. In fagen ya rufe, abin da zai rage masa shi ne kwaikwayon faifai, da takunsa guda ɗaya tak.

7. Shawarwari

Ga ɗalibai, ina ba da shawara kada a yanke hukunci kan salon mawaƙi daga ɗauka guda. A nemi rerawa biyu ko uku na waƙa ɗaya, a ƙirga bugu a farko da tsakiya da ƙarshe, a rubuta alkaluman a kundi. A kuma bayyana inda aka sami abin da aka saurara, na situdiyo ne ko na fage, na asali ne ko kwafi. Wanda zai fita ɗauka ya rubuta rana da wuri da irin taron, ya bar na'ura tana aiki ko da an tsaya sanƙiranci ko miƙa kyauta, domin a nan ne taku ke juyawa. Lokacin da Milman Parry ya je Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 domin ɗaukar mawaƙan baka, sai da ya sa aka haɗa masa na'ura mai faranti biyu, in faifai ɗaya ya cika a juya kan ɗayan, don kada a katse mawaƙi. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a wannan zaure ta fi waccan na'ura iko nesa ba kusa ba.

Ga ma'aikatan gidajen rediyo da hukumomin tarihi da al'adu, tsofaffin zarurrukan da aka ɗauko daga bukukuwa da filayen dambe da hawan salla, masu hayaniya da guɗa da kukan yara, kada a raina su a ce ba su da tsabta. A mayar da su kwamfuta daga zaren asali, da na'urar da aka daidaita gudunta, ba tare da an datse su don su shiga lokacin shiri ba. Ga jami'a da kwalejin ilmi da ke nan Dutsin-Ma kuma, tsofaffin makaɗan noma na ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma suna kusa da mu, tafiyar da ba ta kai yini ba. A je musu da damina, a gona, inda hali ya ba da dama, a kuma biya su haƙƙinsu.

8. Kammalawa

Mun ga cewa makaɗan rok sukan ƙara gudu a gaban jama'a saboda zumuɗi da matsalar ji da faɗin fili, situdiyo kuma yana ɗaure su a kan lamba guda. A ƙasar Hausa garma da turmin dambe da dokin sarki da kunnen ubangida su ne masu yanka taku, harshe kuma ya sa masa iyaka. Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan: faifai shaida ne na yadda aka rera waƙa a rana guda, a ɗaki guda, kuma shaida mai daraja, tun da ba don shi ba da muryoyin Shata da Ɗanƙwairo sun bi su kabari. Amma alƙali ba ya yanke shari'a da bakin mutum ɗaya in akwai sauran shaidu a raye, kuma a garuruwanmu har yanzu akwai su.

 Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.